'Yar Tunkiyar Matalauci: Sharhi a kan Tarihin Farautar Kifin Bohed

A watan Mayu na shekarar 2007, mafarautan kabilar Inupiyat a garin Barrow, can ƙarshen arewacin Alaska, suka kama wani babban kifi irin wanda Turawa ke kira bohed. Suna cikin fiɗa sai suka ci karo da guntun ƙarfe a nutse cikin naman, kusa da wuya. Da aka ciro shi aka duba, ashe ɓarin harsashi ne mai fashewa, irin wanda aka yi wa rajista a 1879, ana ƙera shi a birnin New Bedford na Amurka. Masana suka kimanta shekarun kifin tsakanin 115 da 130. Watau wani ya harbe shi tun kafin Faransawa su shiga Damagaram, bai mutu ba, ya yi ta yawo da ƙarfen a jikinsa fiye da shekara 100.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka gane asalin ƙarfen nan shi ne John Bockstoce, masanin tarihi a gidan adana kayan farautar manyan kifaye na New Bedford. Shi ne ya rubuta littafin nan Whales, Ice, and Men, watau manyan kifaye, ƙanƙara da mutane, wanda aka buga a 1986. Har wa yau duk mai neman sanin yadda jiragen Amurka suka yi farautar bohed a tekun arewa, da shi yakan fara. Littafi ne mai nauyi, an yi shi da ƙwazo da gaskiya. Amma Kirista mai karatu zai rufe shi da wata tambaya a zuciyarsa wadda lissafin ganguna ba ya amsawa: wa ya ci, wa kuma aka kawo wa takardar biya?

Dabbar da ake magana a kai

Kafin a shiga littafin, ya kamata mai karatu ya san dabbar. Ko da yake ana ce da shi kifi, bohed ba kifi ba ne na ainihi. Kamar ayu da masunta suka sani a kogin Kwara da Binuwai, da huhu yake numfashi, yakan haihu, ya kuma shayar da ɗansa nono. Tsawonsa yakan kai mita 18, nauyinsa ya wuce ton 70, kansa kaɗai sulusin jikinsa ne. Da ƙoƙon kan nan yake fasa ƙanƙara daga ƙasa domin ya sha iska. Ba ya barin ruwan sanyi na arewa duk tsawon ransa, kuma binciken da aka yi a kan idanun waɗanda aka kama ya nuna wani ya kai wajen shekara 200.

Ba shi da haƙora. A maimakonsu akwai waɗansu dogayen faifai ɗaruruwa masu saukowa daga muƙamuƙin sama, waɗansu har mita 4, da su yake tace ƙananan halittun ruwa ya haɗiye. Abin da aka yi faifan nan da shi irin na ƙaho ne da farce, saboda haka a nan za a kira su ƙahon baki. A ƙarƙashin fatarsa kuma akwai kitse mai kaurin kusan rabin mita. Kitsen da ƙahon su suka jawo masa wahala. Daɗin daɗawa, ba shi da sauri, in an kashe shi kuma ba ya nutsewa. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 25, sa'an nan ɗa guda takan haifa bayan shekara uku ko huɗu. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa, in aka yi mata kisan gaggawa, ba ta mayar da gurbi da wuri.

Abin da littafin ya yi daidai

Bockstoce ya fara da Kyaftin Thomas Roys, wanda a watan Yuli na 1848 ya ratsa mashigin Bering da jirginsa Superior, ma'aikatansa suna cike da tsoro gama babu jirgin farauta da ya taɓa shiga can. Ya kashe bohed 11, ya cika jirgi, ya juya. Labari ya bazu a jaridu. Kafin 1852 ta ƙare jirage fiye da 200 ne a wurin, a shekarar nan kaɗai aka kashe fiye da 2,000. Kifi guda yakan ba da wajen ganga 100 ta mai, kowace ganga kusan lita 120, da ƙahon baki wajen kilo 700. Da man ake kunna fitila, ake kuma shafa wa injuna. Da ƙahon ake yin bulala, da sandunan laima, da ɗamarar da matan Turai ke matse ƙugu da ita.

Ƙarfin littafin yana cikin lissafinsa. Marubucin ya bi littattafan da ake rubuta abin da ya faru kowace rana a cikin jirgi, ya haɗa da jaridun tashoshin ruwa. Shi da wani masani, Daniel Botkin, suka gano cewa daga 1848 zuwa 1914 an yi tafiye-tafiye fiye da 2,700, an kashe bohed fiye da 18,000, fiye da rabinsu kuwa cikin shekara 20 na farko. Wannan adadi ba jita-jita ba ne. Daga hannun waɗanda suka yi kisan ya fito, ba kuwa mai iya musunsa.

Littafin bai ɓoye wahalar ma'aikatan jirgi ba. Ba albashi ake biyansu ba, rabo ne daga ribar tafiya, sabon shiga yakan sami kashi ɗaya cikin wajen 200, sa'an nan a cire kuɗin tufafi da taba da ya ci bashi a kantin jirgi. Da yawa sun sauka bayan wata takwas a cikin sanyi da dala guda a hannu. A cikinsu akwai baƙaƙen fata na Amurka, da mutanen tsibiran Kef Bad na yammacin Afirka, da na Hawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma masifun da suka auka wa jiragen. A watan Yuni na 1865 jirgin yaƙin 'yan tawayen kudancin Amurka, Shenandoah, ya ƙone jiragen farauta wajen 20 a yankin Bering, alhali yaƙin ya riga ya ƙare tun watan Afrilu. A watan Satumba na 1871 ƙanƙara ta ritsa da jirage 33 a gaɓar Alaska. Mutum 1,219, har da mata da yara, suka tsere a ƙananan kwalekwale zuwa jirage bakwai da ke waje, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Duk da haka masu jari ba su daina ba. Kananzir da aka fara samu da yawa bayan rijiyar man Pensilbaniya ta 1859 ya karya farashin man kifi, amma ƙahon baki ya yi ta tsada har ya kai dala 5 kowace laba, kifi guda yana iya kawo dala 10,000. Aka shigo da jirage masu injin tururi daga 1880, aka bi kifin har maɓoyarsa ta ƙarshe a tekun Beaufort. A shekarun nan ne kuma ayarin Kano da Damagaram ke kai gashin jimina Tarabulus domin hulunan waɗannan mata na Turai. Kwalliyar gida ɗaya ce ta taɓa jiminar Sahel da kifin ƙanƙara.

Abin da ya tsai da farautar kuwa, ba tausayi ba ne ko doka. Wajen 1908 aka koma amfani da ƙarfe mai lanƙwasa, yayin ɗamarar ya wuce, kasuwa ta faɗi. Littafin ya nuna wannan a fili, ya kuma cancanci yabo saboda bai yi wa kowa kwalliya ba.

Abin da ya riga ya faru a gabas

Iyakar littafin ta fari ita ce ya ɗauki labarin daga tsakiya. Wannan ba laifin marubucin ba ne, gama ya faɗa tun daga sunan littafin cewa yammacin tekun arewa ya sa gaba. Amma wanda bai san abin da ya gabata ba zai zaci Roys da abokansa sun yi ɓarna cikin rashin sani. Ba haka ba ne.

Tun ƙarni na 16 mutanen Bask daga iyakar Faransa da Sifen suke kashe bohed a gaɓar Labrador. A 1596 wani matuƙi ɗan Holan, Willem Barentsz, ya ga tsibiran Spitsbergen. Ingilishi suka fara farauta a can a 1611, mutanen Holan suka biyo baya, har suka kafa sansanin dafa kitse da suka kira Smeerenburg, watau garin kitse. Da kifin ya ƙare a bakin gaɓa aka bi shi cikin ƙanƙara. Da ya yi wuya a can aka koma mashigin Davis, yamma da Girinlan, daga 1719. Gwamnatin Ingila ma har tukuici take biyan masu jirgi daga 1733 domin su ƙara himma. Saboda haka sa'ad da Roys ya ratsa Bering, an riga an ga ƙarshen irin wannan aiki sau biyu. Kifin Spitsbergen, da a dā dubun dubbai ne, har yau 'yan ɗaruruwa ne suka rage.

A cikin wannan tarihi na gabas akwai mutum ɗaya da ya kamata kowane Kirista ya tsaya a kansa. William Scoresby, ɗan garin Whitby a Ingila, kyaftin ne kuma masani, daga baya ya bar teku ya zama limamin Ikkilisiyar Ingila a 1825. Mai tsoron Allah ne ƙwarai. A jirginsa ba a farauta ran Lahadi, ko da kifi ya taso kusa da jirgin, sai sujada da karatun Littafi Mai Tsarki. Ya kuma rubuta yana nuna cewa jirgin da ya kiyaye ranar Ubangiji yakan sami kamu mai kyau a sauran ranakun. Ba wanda zai yi shakkar bangaskiyarsa. Amma ga abin tunani: ya ba Allah rana ɗaya, ya auna albarkar Allah da yawan gangunan sauran ranaku shida. Ya karanta dokar Asabar sarai. Dokar da ke cikin Maimaitawar Shari'a sura 22 kuwa, wadda ta hana mutum ya kwashe uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, ba ta hana jiragen zamaninsa soke ɗan kifi domin uwar ta matso a kashe ta ba.

Muryar da ba ta cikin littafin jirgi

Iyaka ta biyu ta fi ta farin nauyi. Littafin jirgi, mai jirgi yake rubuta wa. Yana faɗin iska, da wurin da aka tsaya, da gangunan da aka cika. Mutanen da ke zaune a gaɓar nan, Inupiyat da Yupik na Alaska da Sibiriya, da Cukci, sukan shigo cikinsa ne sa'ad da suka zo ciniki, ko aka ɗauke su aiki, ko suka ceci waɗanda jirginsu ya fashe. Bockstoce ya san mutanen nan, gama ya yi kakar farauta goma a kwalekwalen Inupiyat na Point Hope. Ba za a zarge shi da raini ba. Amma tarihin da aka gina a kan takardun mai saye, bakin mai saye ne ya fi yawa a ciki.

Mutanen nan sun fi shekara 1,000 suna farautar bohed, suna kiransa agvik. Da kwalekwalen fata suke fita, mutum bakwai ko takwas, a bakin tsagar da ke buɗewa cikin ƙanƙara da bazara. Gari guda yakan sami 'yan kaɗan a shekara. Naman da fatar da kitsen abinci ne, man na fitila, ƙasusuwan ginshiƙan ɗaki. A ƙasar da ba a shuka ko ƙwayar hatsi, kifi guda shi ne gonar gari duka. Suna da ƙa'idar rabo da kowa ya sani: kason kwalekwalen da ya fara soka, kason waɗanda suka taya jawowa, kason waɗanda suka taya fiɗa, da na tsofaffi da gwauraye. Mai kwalekwale ba ya sayar da naman. A gidansa ake dafa wa gari duka. A ganinsu kifin ne yake ba da kansa, kuma ba ya ba da kansa ga marowaci. Kafin a fita farautar sabuwar shekara, dole mai kwalekwale ya share rumbunsa da aka haƙa cikin daskararriyar ƙasa, ya rabar da sauran naman bara. Mai karatun Fitowa sura 16 zai tuna da manna, yadda wanda ya ɓoye fiye da bukatarsa ya tashi da safe ya tarar ta yi tsutsa.

Da bohed ya yi wuya, jiragen suka juya kan walras, wata dabbar teku mai haure biyu wadda ita ma abincin mutanen gaɓa ce. Aka kashe fiye da 100,000, galibi mata, a kan ƙanƙara, da bindiga. Wani kyaftin, Frederick Barker, wanda jirginsa Japan ya fashe a gaɓar Sibiriya a 1870, mutanen wurin suka riƙe shi da ma'aikatansa duk tsawon hunturu suna ba su daga ɗan abincin da ya rage musu. Daga baya ya rubuta wa jaridar New Bedford yana gargaɗi cewa kisan walras zai kashe mutanen nan da yunwa, ya kuma ɗauki alkawari shi ba zai sake kashe ko ɗaya ba. Ba a saurare shi ba. Tsakanin 1878 da 1880 yunwa ta kashe fiye da mutum 1,000 a tsibirin St. Lawrence, ƙauyuka suka zama kufai. Rahotannin farko na Turawa suka ɗora laifin a kan barasa, wai mutanen sun bugu sun bar farauta. Barasar kuwa jirage ne suka kawo ta. Masana sun ambaci mugun yanayi da cuta su ma, amma duk yadda aka jera dalilan, mutanen da aka rage wa abincinsu na teku ba su da abin da za su jingina a kai sa'ad da mugun hunturu ya zo. Bayan haka ƙyanda da mura mai tsanani suka biyo a 1900, suka kwashe jama'a masu yawa.

Gaskiya ne mutanen gaɓa su ma sun shiga cinikin. Sun karɓi bindigar mashi mai harsashi, wadda har yanzu da irinta suke farauta. Waɗansu sun yi arziki da sayar da ƙahon baki, har suka ɗauki ma'aikata. Littafin ya nuna wannan, kuma daidai ne a nuna shi, domin kada a mai da su kamar yara marasa wayo. Amma shiga kasuwar da wani ya kawo ƙofar gidan mutum dabam ne da kafa ta.

Takardar biya ta 1977

Iyaka ta uku ita ce wurin da labarin jiragen ya tsaya. Kasuwa ta mutu, masu jari suka mai da kuɗinsu masaƙu da man fetur, ba wanda ya tambaye su komai. Yarjejeniyar duniya ta 1931 da ta 1946 suka hana kashe bohed domin ciniki, suka bar 'yan asalin wurin su ci gaba da farautar abinci. Ko wannan hanin ma an keta shi, gama jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe fiye da 100 a ɓoye a tekun Okhotsk a ƙarshen shekarun 1960.

A watan Yuni na 1977 Hukumar Duniya mai Kula da Farautar Manyan Kifaye ta zauna a Kanbera, ta soke izinin da aka ba mutanen Alaska gaba ɗaya. Masanan gwamnati sun ce bohed da suka rage a wannan teku tsakanin 600 ne da 2,000. Adalci ya wajabta a faɗi cewa tsoron hukumar yana da tushe. Kuɗin aikin man fetur ya sa kwalekwale sun ƙaru, sababbin hannu sun shigo, an kama 48 a 1976, a 1977 kuma waɗanda aka soka suka kuɓuce sun fi waɗanda aka kawo gaɓa yawa. Wannan ɓarna ce, dattawansu ma sun san haka.

Amma a dubi yadda aka raba nauyin. A watan Disamba na shekarar nan hukumar ta sake zama a Tokiyo, ta sassauta, ta yarda wa dukan ƙauyukan Alaska su kama 12, ko su soki 18, duk wanda ya fara cika. A wannan zama ɗaya kuma ta yarda wa jiragen ciniki su kashe wani irin babban kifi, mai haƙora, fiye da 6,000 a arewacin tekun Fasifik. Labarin da annabi Natan ya ba sarki Dawuda cikin 2 Sama'ila sura 12 ke nan: mai garke ya bar garkensa, ya aika a kamo 'yar tunkiya ɗaya tak da matalauci ke da ita. Waɗanda suka kashe 18,000 sun mutu da dukiyarsu, jikokin waɗanda suka sha yunwa saboda su aka ce su biya bashin.

Inupiyat da Yupik ba su zauna suna kuka ba. A 1977 ɗin suka kafa hukumarsu ta masu kwalekwale, da goyon bayan Eben Hopson, shugaban gundumar arewacin Alaska. Suka ce ƙidayar ba daidai ba ce. Masana suna tsayawa a bakin ƙanƙara su ƙirga abin da idonsu ya gani a buɗaɗɗen ruwa, suna zaton kifin yana gudun ƙanƙara. Wani dattijo, Harry Brower, da waɗansu irinsa, suka yi ta faɗa musu cewa da yawa suna bi ta ƙarƙashi, suna fasa ta su yi numfashi, waɗansu kuma suna wucewa can nesa da gaɓa. Gundumar ta ɗauki masananta, aka saka na'urorin sauraro a cikin ruwa, aka ji kukan kifaye a wuraren da ido bai ga komai ba. Ganau ya fi jiyau. Ƙidayar 2011 ta ba da wajen 16,800, suna ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, duk da ana farautarsu. Daga 1981 gwamnatin Amurka ta danƙa wa hukumar masu kwalekwale kula da farautar. Suka horar da matasa, suka gyara makamai, asarar kifin da aka soka ta ragu ƙwarai. A 2018 hukumar duniya ta amince kason ya riƙa sabuntuwa da kansa muddin masana sun tabbatar ba ya cutar da yawan kifin. A Kanada da Girinlan ma, inda farautar ta katse shekaru masu yawa, an koma kama 'yan kaɗan, Kanada daga 1991, Girinlan daga 2009.

Lissafin da Bockstoce ya yi daga tsofaffin takardun jirage ya shiga wannan muhawara, ya taimaka wajen sanin yawan kifin kafin 1848. Wannan ma alheri ne da za a rubuta masa. Amma wanda ya karanta labarin jiragen kaɗai zai tashi da zaton cewa tarihin bohed tarihin ƙarewa ne, alhali a wurin da aka bar masu rabo suka riƙe shi, ya farfaɗo.

Rabon Ikkilisiya

Laifi tudu ne. Kafin Kirista ya gama nuna masu jirgi da yatsa, sai ya dubi inda Ikkilisiya ta tsaya. A 1890 aka buɗe tashoshin mishan uku a gaɓar nan, a Barrow, da Point Hope, da Wales. Sun kawo makaranta da magani, sun yi faɗa da masu sayar da barasa. Sheldon Jackson, wanda ya shirya aikin, ya faɗa wa gwamnatin Amurka a fili cewa jiragen sun cinye abincin mutane. Amma maganin da ya kawo a 1892 shi ne barewar ƙanƙara ta kiwo daga Sibiriya, domin a mai da mafarauta makiyaya, bisa ga tunanin cewa makiyayi ya fi mafarauci kusa da wayewa. Aka hana yara yarensu a makaranta. Aka tsananta wa ɗakunan taro inda masu kwalekwale ke shirin farauta, saboda al'adun gargajiya da ake yi a ciki. A cikin al'adun nan akwai abin da bishara ba za ta karɓa ba. Amma a ɗakunan nan ne kuma ake koya wa yaro cewa ba a rowa da abin da aka ba mutum kyauta, wannan kuwa koyarwar Ubangiji Yesu ce da ta riga mishan isa wurin.

Masu bi na wurin su suka raba tsaba da ƙaiƙayi. Roy Ahmaogak, Ba'inupiyat kuma fasto, ya yi aikin juya Sabon Alkawari zuwa yarensu, aka buga shi a 1966. Yau mai kwalekwale yakan yi addu'a kafin a fita, in an kama kifi kuma a yi addu'ar godiya ta rediyon hannu, gari duka yana ji. Ana rabon nama a bikin Nalukatak a watan Yuni, ana kuma ajiye kason da za a raba a taron masu bi ranar godiya a watan Nuwamba da lokacin Kirsimeti. Ba su bar kifinsu domin su bi Almasihu ba, ba su kuma bar Almasihu domin kifin ba.

Littafin Bockstoce ya isa a karanta shi, a kuma gode wa mai shi. Ya ajiye shaidar abin da aka ɗauka, ganga bayan ganga, yadda ba mai iya cewa bai faru ba. Hukunci ne bai yanke ba, ba kuwa aikin masanin tarihi ba ne dole. Dawuda da ya ji labarin 'yar tunkiyar, nan take ya ce a biya riɓi huɗu, bai sani ba kansa yake yanke wa. Mai karatun wannan tarihi ma zai yi saurin fushi da mutanen New Bedford. Zai fi amfana in ya tambayi kansa, a cikin kurmi da tafki da makiyayar da Allah ya danƙa wa jama'arsa, wa yake kwasa domin kasuwa, wa kuma ake korar sa'ad da abin ya ƙare.

Barrow ta koma sunanta na asali, Utkiyagvik, a 2016. Ƙanƙarar da ake tsayawa a kai tana ƙara sirancewa, rumbunan ƙasa waɗansu sun fara narkewa, jiragen kaya suna ƙaruwa a mashigin Bering. A cikin ruwan nan kuma mai yiwuwa ne akwai sauran kifayen da suka ji ƙarar jiragen farko, suna nan da rai.